Abin da Na Gani a Jinin Yaya

Ranar Talata ce, damina ta yi tsakiya, Yaya ya leƙo ta tagar ɗakin gwajin jini inda nake aiki a Kankia. Shi ne babban wana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ke riƙe da gidanmu na Kusada da gonakin. Taki ya zo saye, ya ce bari ya biyo ya gan ni. Yaya ba mutum ne mai zama ba, ko gaisuwa a tsaye yake yin ta, amma ran nan kafin in cire safar hannu in fito har ya samu benci a gindin bedi ya zauna yana mai da numfashi.

"Auta, zazzaɓin nan ya ƙi sakina," in ji shi bayan mun gaisa. "Sau uku ina shan maganin maleriya. Mai kemis ya ce ko taifot ne, shi ma na sha."

Na kama hannunshi na juya. Tafin ya yi fari fat. Na ce ya buɗe baki, sai na ga dasashinshi ya kumbura yana tsattsafo da jini. Ya ce ai ya fi wata guda da daina asuwaki saboda haka. A ƙwaurinshi akwai wasu tabbai baƙaƙe kamar an buge shi da sanda, ya ce bai san lokacin da suka fito ba.

Na ɗebi jininshi na koma ciki. Aiki ne da hannuna ya saba da shi: a ɗiga ɗigo ɗaya kan gilashi, a ja shi ya yi siriri, a bari ya bushe, a zuba rini, a ɗauraye, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Jinin mai lafiya idan ka duba, jajayen ƙwayoyi ne suka cika fili, farare jefi-jefi, kowace da siffarta. Da na sa ido a kan na Yaya, sai na ga wasu manyan ƙwayoyi masu duhun shuɗi sun mamaye ko'ina, duk kamarsu ɗaya. Na matsa gilashin dama, su ne. Na matsa hagu, su ne. Ƙwayoyi ne da ya kamata a ce suna can cikin ɓargo ba su gama ƙosawa ba, ba su da abin yi a cikin jini. A hoton littafi kawai na taɓa ganinsu lokacin da muke makaranta, kuma na tuna sunan da aka rubuta a ƙasan hoton.

Mu biyu ne a ɗakin gwajin, ni da shugabata da kowa ke kira Madam. 'Yar kudu ce, Kirista, ta fi shekara ashirin a Kankia, Hausarta ta koma ta Katsinawa sak. Ita ta koya mani aikin a aikace bayan na gama makaranta. Na tashi daga kujera na ce ta duba mani wani abu. Ta gyara tabarau ta duba, ta daɗe tana juya madubin.

"Jinin wa ne?"

"Na wancan da ke kan benci."

Ta leƙa ta taga, ta dawo da kallonta kaina. Ta san shi, don duk kaka sai ya aiko mata da gyaɗa.

"Kada ki rubuta sunan cutar," in ji ta a hankali. "Ba aikinmu ba ne. Ki rubuta abin da kika gani, likita ya tura shi gaba. Ko in rubuta maki?"

Na ce a'a, zan iya. Na rubuta. Da na fita, Yaya ya tambaye ni me na gani. Na ce jininshi ne ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mashi, kuma likita zai so a yi wani gwajin a Kano. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi abin da na gani ba. Ya ce to, sai dai a bari ya kai takin gida tukuna, kada ruwa ya same shi a hanya.

A lokacin aurena ya mutu da shekara biyu, ba haihuwa. Ina zaune a ɗaki ɗaya a gidan wata gwaggonmu a Kankia, tsohuwa mai kirki da kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya take ji. Da na koma gida da la'asar ta tambaye ni ko lafiya. Maganar ba ta ɗaga murya ba ce, sai na ce mata gajiya ce. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da kayan aiki a jikina. Mutumin da nake kai wa kowace magana mai nauyi shi ne Yaya. Shi ya tsaya gaban baffanninmu lokacin da suka ce 'ya mace ba ta da abin yi da aikin asibiti, shi ya ɗauko ni a bayan mashin da akwatina ya kawo ni makaranta, shi na fara faɗa wa da auren ya fara tangal-tangal. Wannan karon ban san wanda zan kai wa ba.

A babban asibiti a Kano aka ɗebi ɓargonshi ta ƙashin ƙugu. Bayan kwana biyar likita ya kira ni gefe, da yake ya ji ni ma'aikaciyar lafiya ce, ya ce sankarar jini ce, irin mai saurin nan. Ya yi mani bayanin da na riga na sani. Ƙwayoyin da za su zama fararen ƙwayoyin jini ne suka tsaya a hanya, ba su girma ba, ba su mutu ba, sai yawa suke ƙara yi har suka hana ɓargo yin jini mai kyau. Maganin da ake da shi mai ƙarfi ne, yana kashe su, yana kuma taɓa masu lafiyar. Yaya da aka gaya mashi ya ce Allah ya sa kaffara ce, ya tambayi kwana nawa zai yi, don an kusa maimai a gona.

Zagaye biyu aka yi mashi na maganin. Gashin kanshi da gemunshi suka zube, bakinshi ya yi gyambo har koko sai da ƙyar. Bayan na farko jinin ya ɗan washe, muka yi murna. Bayan na biyu ƙwayoyin suka dawo. Likitan ya gaya mana gaskiya, ya ce jikin ba zai ɗauki na uku ba a yanzu. Yaya ya ce a mai da shi gida.

A Kusada kowa da abin da yake kiran ciwon. Inna, mahaifiyarmu, ta ce shawara ce ta shige mashi ciki, tana jiƙa saiwoyi a ƙwarya. Matarshi ta fi yarda da sammu, don an taɓa yin sa-in-sa da shi kan iyakar gona. Malamin unguwarmu, wanda suka yi karatun allo tare, kullum da safe sai ya kawo rubutu da kanshi ya zauna su yi hira. Ban hana ko ɗaya ba, sai saiwar da na san tana tsinka jini, ita na ɓoye. Masu zuwa dubiya idan sun fito sai su tsaya a kaina.

"Ke da kike asibiti, wai mene ne?"

In na ce sankarar jini, sai su ce ai sankara a nono take fitowa ko a ƙafa, a ga kumburi. Na gaji da bayani, na koma cewa ciwon jini ne. Su ce Allah ya sawwaƙe, su tafi. Duk mako biyu ana kawo shi Kankia a ƙara mashi jini leda ɗaya ko biyu. Ni ke gwada jinin masu bayarwa, ni ke duba nashi. Kowane zuwa ina ganin ƙwayoyin sun ƙaru, in fito in ce da sauƙi.

A cikin wannan hali na shiga ɗabi'ar karance-karance a waya. Idan an yi sallar azahar mutane suka ragu, sai in zauna a bayan ɗakin gwajin inda sabis ya fi ƙarfi, in rubuta sunan cutar in bi duk abin da ya fito. Yawanci abin da na sani ne. Wata rana na ci karo da labarin wasu masu bincike a wata ƙasa. Jikin mutum yana yin wani sinadarin garkuwa da ke gane abu guda ya manne mashi, da shi muke yaƙar cututtuka. Su sai suka haɗa irinshi a ɗakin bincike, suka saita shi ya kama wani furotin da ke jikin ƙwayoyin sankarar. Da aka yi wa ɓeraye masu ɗauke da cutar allurarshi, ƙwayoyin da suka tsaya cak sai suka ci gaba da girma. Suka ƙosa, suka ɗauki siffar fararen ƙwayoyi na gaskiya, waɗanda ke yin kwanakinsu su mutu kamar kowace. An sa hotuna biyu, na kafin allura da na bayanta. Na farko kamar jinin Yaya aka ɗauka.

Na karanta sau uku, Turancin yana da wuya, ina tsayawa ina duba ma'anar kalmomi. Sannan na shiga na miƙa wa Madam wayar. Ta karanta a tsanake har ƙarshe ta ajiye.

"Aiki ne mai kyau," in ji ta. "Amma kin ga ɓeraye ne."

"Na gani."

"Daga ɓera zuwa mutum shekaru ne, 'yata. Wani ma ba ya kaiwa."

Na ce na sani. Duk da haka, a ƙasan rubutun akwai adireshin aika saƙo na wata mata daga cikin masu binciken, na kwafe shi. Kwana biyu ina tsara abin da zan ce. Na faɗi ko ni wace ce da inda nake, na faɗi shekarun Yaya da irin cutar da maganin da aka yi mashi. Na tambaya ko akwai hanyar da za a gwada a kanshi, na ce za mu sa hannu a kan kowace takarda. Madam ta gyara mani Turancin, na aika.

Kwana tara ina duba wayar. Ban gaya wa kowa a gida ba. Ranar na goma da hantsi amsa ta zo, gajeriya, cikin ladabi. Matar ta ce ta yi baƙin ciki da halin da muke ciki, amma abin bai kai ga gwaji a kan mutane ba, ba ta kuma san yaushe zai kai ba. Ta ce in ci gaba da bin shawarar likitocinshi. Na karanta a tsaye, da auduga a hannu, wata mata mai ciki tana jira in ɗebi jininta. Na sa wayar a aljihu na ɗaure mata hannu.

Asabar ɗin da ta biyo baya na tafi Kusada. An fara cirar gyaɗa. Yaya ya matsa sai an kai shi ya gani, aka ɗora shi a amalanke aka shimfiɗa mashi tabarma a inuwar wata tsamiya da ke bakin gonar. Ya rame har hularshi ta yi mashi yawa. Mata suna can nesa suna tsinka, mu biyu kawai a inuwar. Ya ɗauki gindi guda ya karkaɗe ƙasar, yana fasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da farce yana dubawa. Ban yi niyyar faɗa mashi ba. Na ji dai shirun ya yi mani yawa, sai na fara.

Na ba shi labarin ɓerayen da yadda aka yi. Ya saurara bai katse ni ba.

"Wato ba kashe su ake yi ba," in ji shi.

"A'a. Sa su ake yi su ƙarasa girma."

"To ai wannan ya fi hankali. Wancan na Kano, kamar a sa wa gona wuta ne don a kashe ciyawa." Ya yi murmushi. "Ɓeraye sun riga ni ke nan. Irin namu na rumbu?"

Na ce a'a, wasu farare ne ƙanana da ake kiwonsu musamman a cikin keji. Ya tambayi abin da ake ba su su ci. Na ce ban sani ba. Ya tambaya, in sun warke sakinsu ake yi? Na gaya mashi gaskiya, cewa a ƙarshe akan kashe su ne a duba ɓargonsu. Ya jinjina kai ya ce Allah sarki. Sai na gaya mashi na rubuta wa masu binciken, da amsar da aka ba ni. Ya ci gaba da fasa gyaɗar.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ran da na zo da taki. Tun ran nan kin gani, ko?"

Na ce e.

"Na sani. Da kika fito ba ki dube ni ba, takardar kike ta kallo." Ya zuba mani ƙwayar gyaɗar da ya ɓare a tafin hannu. "Da kin faɗa mani. Wata uku kina yawo da abu ke kaɗai."

Kukan da ban yi ba a Kankia, ban yi ba a Kano, a nan na yi shi, na rufe fuska da mayafi don kada matan su ji. Bai rarrashe ni ba. Ya bari na gama, sannan ya fara magana kan abubuwan da yake so a yi. Gonar fadama a bar wa ɗan baffanmu ya noma a riƙa raba amfani. 'Yarshi ta fari kada a cire ta daga makaranta. Inna kada a gaya mata komai fiye da abin da ta sani. Ya ce daga yau in na duba jinin in riƙa gaya mashi abin da na gani yadda yake. Na yi alkawari, kuma na cika. Sau biyu aka ƙara kawo shi bayan haka, duk biyun na faɗa mashi sun ƙaru, ya ce to.

Ya rasu ranar wata Alhamis da hantsi, an gama kai dawa gida. Ina wurin aiki aka kira ni. Madam ta karɓi gilashin da ke hannuna, ta fita da kanta ta tsayar mani da mai mashin. Da na isa an riga an yi mashi wanka. Aka buɗe mani fuskar na yi mashi addu'a, maza suka ɗauka suka fita, muka rage mu mata a tsakar gida. Ina jin ana ta magana a gefena, wata na cewa shawara ce, wata na cewa ai an san wanda ya yi. Na zauna kusa da Inna na riƙe hannunta. Ba wanda ya tambaye ni.

Bayan addu'ar bakwai na koma aiki. Wajen wata guda ba na iya duba madubi sai na ɗan tsaya na ja numfashi, Madam ta lura, ta riƙa ɗaukar gwajin jini tana bar mani na fitsari da sauransu, ba tare da mun yi maganar ba. A hankali na koma. Karatun waya kuma ban daina ba gaba ɗaya. Lokaci-lokaci nakan nemi labarin ɓerayen in ga inda aka kwana. Ban ga inda aka ce an kai ga mutane ba, mai yiwuwa an kai ni ce ban gani ba. 'Yar Yaya tana aji biyar yanzu, ta ce aikin jinya take so.

Shekarar da ta zagayo Madam ta yi ritaya. 'Ya'yanta sun daɗe suna kiranta ta koma gida, ta ce ƙafafunta ma sun gaji da tsayuwa. Ta rabar da kayan ɗakinta ga maƙwabta, ta bar mani tukunyar gas da wani tsohon littafin hotunan ƙwayoyin jini da ta zo da shi tun tana budurwa. Ranar tafiyar na raka ta tasha da sassafe. Motar Kano za ta hau, daga can ta samu ta garinsu. Mun fi awa guda a zaune a kan buhunanta ana jiran mota ta cika, muna hirar abubuwa marasa muhimmanci, wane rini ne ya kusa ƙarewa, wace taga ce ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Da direba ya ce a shiga, ta ciro makullan ɗakin gwajin daga jaka ta sa mani a hannu.

"Ki riƙa cin abinci da rana," in ji ta. "Na san halinki."

Na ce to, Allah ya kiyaye hanya, a gaida yara. Na tsaya har motar ta hau titi. Masu mashin suka yi ta yi mani magana, na ce su bari, na taka da ƙafa. Da na isa akwai mutum shida a kan benci da takardunsu a hannu. Na gaishe su, na buɗe ƙofa, na ɗaga tagar nan, na ce na farko ya shigo.